Tukwanen Halimatu a Tudun Baƙi

Tun rana tana tsaka Halimatu ke tsaye a ƙofar gidan Azara mai tuwo, ƙwarya a hannu, ƙamshin miyar kuka yana dukan hancinta. Ba bara ta zo ba, da 'yan kuɗinta na wuri ƙulle a bakin zane. Amma duk wanda ya zo bayanta sai ta ga an zuba masa ya wuce.

"Inna Azara, a dube ni mana. Maigidana na gona tun da asuba."

Azara ba ta ko ɗago kai daga tukunya ba. "Gaggawar mi kike, baƙuwa? Bari 'yan gari su ƙare."

Da 'yan gari suka ƙare, tuwo ma ya ƙare. Ƙanzo aka kankaro mata, aka yayyafa masa ruwan miya, aka karɓe wurin kamar tuwo ta saya.

Mu ne masu cika baki da cewa baƙonka annabinka, ashe baƙon kwana biyu ake nufi. Wanda ya zo da turminsa da tabarmarsa ya ce zai zauna, wannan kam wani abu ne daban.

A zamanin ne da hari ya hana mutanen gulbin Maraɗi barci. Halimatu da mijinta Sa'adu suna cikin waɗanda aka ƙone wa rumbuna, suka yo arewa har wani gari a ƙasar Dakoro, inda akwai rijiyoyi. Maigari Jimrau bai kore su ba, bai kuma shigar da su cikin shinge ba. Wani tudu ya nuna musu a bayan gari, ya ce kowane magidanci ya sare daji gwargwadon ƙarfinsa. Wanda ruwan farko ya same shi da gona da irin shukawa, ya zama ɗan gari. Wanda bai shuka ba, ya ƙara gaba. Wurin ne ake kira Tudun Baƙi.

Abin da Halimatu ta tsira da shi daga wuta gora guda ne cike da irin gero, ta liƙe bakinsa da laka ta rataye a bukka. Goran nan shi ne zamansu, in aka ci shi an ci gonar. Don haka kullum sai ta shiga gari neman abin da za su sa a baki, har ta san kowace ƙofa. Hawa mai fura a gindin gawo tana da fara'a, sai dai furar baƙi daban take dama ta, ruwa-ruwa har kana hango gindin ƙwarya. Sallau mahauci kuwa, ranar kasuwa kaɗai yake gashi, in ɗan tudu ya zo sai ya tura masa ƙashi da jijiya yana rantsuwa cewa nan daɗin yake. Ga Sa'adu yana sarar itace da cikin da babu komai, kullum wuyansa ƙara tsawo yake.

* * *

Wata safiya ta ga matan gari sun yi dafifi a jikin wasu bishiyoyi gajeru masu kore shar duk da zafin bazara, suna tsinkar 'ya'ya. A gulbi ba ta taɓa ganin an ci abin nan ba. Ta matsa kusa da Azara ta gaishe ta.

"Inna, wannan mine ne? Ana ci?"

"Anza ke nan. Ƙwayar ciki ita ce dilo. Ana ci mana, mu da shi munka girma."

"Ƙaƙa ake dahwa shi?"

Azara ta dubi sauran matan, ta ce, "Yadda ake dahwa wake. Ki ɓare, ki zuba tukunya."

Halimatu ta ji wata ta ƙyalƙyale da dariya, ta ɗauka da shigarta ake. Ta cika ƙwarya ta koma tudu da murna, ta nuna wa matar maƙwabcinsu Harisu, ita ma ta ruga ta ɗebo. Da ta dafa ta ɗanɗana, ta ji ɗaci kamar maɗaci. Ta ƙara kanwa, ta ƙara ɗan gishirin da ya rage, ta ce wa ranta ai kowane gari da irin bakinsa. Ita loma biyu ta iya. Sa'adu da ya dawo a galabaice, ya rufe ido ya tashi da akushin.

Kafin la'asar yana kwance yana amai, jiri ya hana shi ɗaga kai. A gidan Harisu abin ya fi muni, domin tsohuwarsa da ma tafiya ta gama cinye ta, ba ta sake tashi ba. Mutanen gari sun zo jana'iza, sun yi addu'a, sun shafa. Babu wanda ya ce uffan kan abin da ta ci. Harisu ya fasa goran irinsa aka yi mata sadaka da shi, sannan ya ɗaure kayansa ya bar gonar da ya riga ya sare, ya nufi wajen Tagriss ba tare da ya waiwaya ba.

Halimatu ta yi kuka har muryarta ta dishe, don gani take da hannunta ta kai abin nan gidan.

* * *

"Halima," in ji Sa'adu daga kan tabarma, da murya kamar ta mai magana daga cikin rijiya, "sauko da goran nan ki dama mini kunu. Mai rai shi ke shuka."

Ta sauko da shi. Ta ɗora a cinya tana jin nauyinsa, tana tuna gonar mahaifinta inda aka zaɓi zangarniyar nan ɗaya bayan ɗaya. Ba ta iya cewa a'a ba, ba ta kuma iya fasa lakar ba. Ta ce bari ta ɗebo ruwa tukuna.

A bakin rijiya ta tarar da wata tsohuwar Buzuwa, Aisata, wadda ke shayar da awakin mutane ana ba ta abin da aka ba ta. Tsohuwar ta ƙura wa Halimatu ido.

"Ke ce kinka dahwa dilo ɗanye?"

Halimatu ta sunkuyar da kai.

"Ɗiyata, dilo ba shi son gaggawa. Jiƙa shi ake, kullum ki zubar da ruwan ki sa sabo, kina ɗanɗanawa, har ranar da harshenki ya ce miki ɗacin ya tahi. In kina da toka ki sa, ta hi sauri. Ko akuya ba ta shan ruwan da anka zubar."

"To, Iya, don mi ba su gaya mini ba? Na tambaya fa!"

Aisata ta yi tsaki. "Ni ma na tambaya, shekarar da na zo. Wasansu ke nan da kowane baƙo. Su ce in ya sha ɗaci ya san gari da masu shi."

Wani abu ya taso wa Halimatu daga ciki, ba kuka ba ne wannan karon, fushi ne tsantsa. Ashe rai guda ya tafi saboda wasa.

Tsohuwar ta ja ta zuwa bukkarta, ta juye mata dilon da ta riga ta jiƙa wa kanta, ta haɗa mata da ɗan nonon akuya. A ranar Sa'adu ya ci, cikinsa ya karɓa. Gora ya koma inda yake rataye, da lakarsa.

* * *

Da ma Halimatu ba ta da yawan magana, amma aka wayi gari ta bi bukkokin tudu ɗaya bayan ɗaya tana aron tukwane, har da masu tsaga da aka liƙe. Ta jera su a gindin wata aduwa da ke bakin hanyar rijiya. Ta raba wa mata aiki, masu tsinka, masu ɓara, masu jan ruwa. Kowace safiya tukunya ɗaya tana kaiwa a dafa, wata sabuwa tana shiga jiƙo, don kada a wayi gari babu. Aisata ce mai ɗanɗanawa, in ba ta gyaɗa kai ba ba a ɗora wuta.

Sauran kuwa hannun 'yar gulbi ne. Ta turara dilo kamar dambu, ta haɗa da busasshen ganyen da mata suka taho da shi, ta yi masa yaji. Ba za a ce ya kai tuwon gero ba, mai cewa haka ya yi ƙarya, amma yana riƙe cikin mai sara daga hantsi har yamma.

Aka kafa rumfar kara. Doka ɗaya Halimatu ta sa, wanda ya riga zuwa shi ake fara zuba wa. Makiyaya daga wajen Korahane, waɗanda su ma sun gaji da tsayuwa a ƙofar Azara, suka fara ratsowa suna barin nono da man shanu. Masu raƙuman gishiri suka ji labari, suka riƙa sauka a nan. Duk baƙon da ya zauna kuwa, kafin ya wanke hannu an gaya masa wace rijiya ce mai zartsi, wane ganye ake ci, wane ne ke kashe jaki. A bakin makiyaya wurin ya zama gindin aduwa, inda ake ci a ƙoshi a kuma tashi da wayo.

Ba a daɗe ba tuwon Azara ya fara kwana. Ai kuwa sai ga ta da rana tsaka ta taso Maigari Jimrau a gaba, mutanen gari na biye don kallo.

"Ranka shi daɗe, ga ta nan. Ta zo jiya, yau ta tare hanya ta janye mana mutane. Anzar ma tamu ce, ta dajinmu!"

Maigari ya dubi jerin tukwane, ya dubi mazan tudu da ke zaune da gatura a gefe. "Ke matar Sa'adu, mi za ki ce?"

Halimatu ta ajiye mara, ta durƙusa.

"Baba Maigari, daji na Allah ne, kai ke riƙonsa. In ka ce in tashi, in tashi. Amma a tambayi Inna Azara, ranar da na ce mata ƙaƙa ake dahwa dilo, mi ta ce mini?"

Azara ta ce, "Yo wasa ne! Wa ba a yi wa ba?"

"Uwar Harisu tana can kwance bayan tudu. A tahi a gaya mata wasa ne."

Matan da suka yi dariya a gindin anza kowace ta nemi inda za ta sa idonta. Maigari ya daɗe yana shafa gemu, don shi ma ya san wasan, ya kuma san bai taɓa hanawa ba.

"Azara, koma gida," in ji shi. Ya juya ga Halimatu. "Rumhwarki ta zauna. Zuba mini in ji abin da ya kwashe wa gari mutane."

"To, Baba. Amma ga bawan Allah nan da raƙuminsa, ya riga ka."

Wani ya ja numfashi. Maigari ya dubi baƙon, wanda ƙura ta rufe har gira, sai ya yi murmushi, ya tattara rigarsa ya zauna a kan tabarma yana jira. A ranar matan tudu sun yi guɗa har aka jiyo su a cikin shinge.

* * *

Sa'adu ya tashi, amma jinya ta ci masa lokaci, rabin gonarsa na nan da itace, ga gabas ta fara haɗa baƙi. Halimatu ba ta roƙi kowa ba. Mazan da suka yi ta ci a rumfarta ne suka kira gayya da kansu, har da makiyaya biyu da ba su taɓa riƙe gatari ba, ana ta yi musu dariya. Suka gama ta Sa'adu, suka bi sauran gonakin da ba a ƙarasa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ruwa ya sauka wata ranar Alhamis da hantsi, irin mai jiƙa ƙasa har ƙasa. Washegari Halimatu ta fasa lakar da hannunta. Ƙwayar geron ta zubo cikin ƙwarya tas, ko ƙwaro bai taɓa ta ba. Sa'adu yana gaba da sungumi yana sara, tana biye tana jefa iri tana rufewa da diddige, daɗi ya cika ta har ba ta san tana waƙa ba. Ko'ina a tudun haka ake yi. Babu gidan da ya ci irinsa tun da aka kafa rumfar, babu kuma wanda zai ƙara gaba.

Da suka kai iyaka, sai ga gonar Harisu shimfiɗe, an sare ta tsaf, ta sha ruwa, babu ko sawu ɗaya a cikinta. Halimatu ta daina waƙar. Ta leƙa ƙwarya, sauran iri bai fi tafi biyu ba.

"Maigida, ci gaba da sara."

"Ai tamu ta ƙare nan."

"Na sani."

Sa'adu ya dube ta, ya tofa yawu a tafin hannu, ya tsallaka iyakar ya ɗaga sungumi.