Keken Irmiya Bai Hau Dutsen Kagoro Ba

Sunana Rabe, gyaran keke nake yi a unguwar Abakpa cikin Kaduna, a gindin wani mangwaro. Ban daɗe a boko ba na gudu, don haka mai neman daɗin baki ya nemi wani. Ni labarin Irmiya zan bayar.

Irmiya masinja ne a wani ofishin gwamnati a unguwar Doka. Mutumin Kagoro ne, Kirista, ni kuwa Bakatsine. Faci ne ya haɗa mu. Wata Asabar ya turo kekensa rumfata, tayar baya duk ƙaya. Na ce, "Kai kuma noma kake yi da keken nan?" Ya ce a'a, daga Zariya yake, Dutsen Kufena ya je ya hau. Na ce, "Me ka ajiye a can?" Ya ce babu komai, kallo kawai. Na yi masa dariya har da riƙe ciki. Wata bai zagayo ba sai ga ni a bayansa, mun wuce Kawo, mun wuce Katabu, tukunya ɗaure a kariyar kekena tana ƙwaram-ƙwaram.

Shi ya kafa dokar tafiyar, ni bi kawai na yi. Ba a hawa mota, komai wuya. Abin da za mu ci da abin da za mu shimfiɗa duk a kan keke suke: gari, ƙuli-ƙuli, tabarma, jarkar ruwa, famfo da kayan faci. In an isa gindin dutse kuma ba a barin keke a ƙasa. A kafaɗa za ka saɓa shi har ƙololuwa, in ba haka ba, a wurin Irmiya ba ka hau ba. Na sha gaya masa wannan hauka ne. Sai ya ce, "Bakatsine, shi ya kawo ka, ka bar shi a ƙasa kamar bare?"

Haka muka yi ta yi shekara da shekaru, duk sanda ya sami hutu. Duwatsun Kajuru, na Zariya, har da wasu da ko mutanen wurin ba su sa musu suna ba. In lokacin salla ya yi, shi ke riƙe mini keke ya zauna gefe. In Lahadi ta same mu a sama, ni ke toshe kunne ya rera waƙar cocinsu da muryarsa mai kama da tsohon birki.

Dutse ɗaya ne ya ƙi mu hau: na garinsu. A can sama aka haife shi, a tsohon gidan kakansa, aka sauko da shi goye a baya. Babansa ya sha gaya masa cewa daga ƙofar gidan nan ana hango layin dogo can ƙasa kamar zare. Irmiya yakan je Kagoro Kirsimeti, ya kalli dutsen daga ƙasa ya dawo. Wai na gida shi ne na ƙarshe, sai mun gama da na mutane.

A shekarar 1988, da bazara, matarsa Esther ta zo rumfata. Ba ta taɓa zuwa ba sai ranar. Ta ƙi zama a benci.

"Baban Hafsatu, abokinka ya gaya maka abin da likita ya ce?"

"Wane likita kuma, Maman Ishaku?"

"Idonsa ne ke mutuwa. Daga gefe yake cinyewa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. An ba shi maganin ɗigawa, amma sun ce ya makara." Ta goge fuska da bakin zane. "Dutsen nan nasu yake ta ambata. Don Allah ka kai shi ya gani tun yana gani. Ko a mota ne."

Da yamma ya zo, ban yi masa kwana-kwana ba. Na ce, "Hutun nan Kagoro za mu." Ya dube ni ya ce, "Esther ta zo ke nan." Na ce ta zo. Ya ce to, amma a keke. Na yarda, don a lokacin ban ga abin da zai hana ba. Na kwance kekensa gaba ɗaya, na wanke kaca, na sa sabon birki.

Muka haye gadar kogin Kaduna muka kama hanyar Kachia. Zafi kamar a bakin maƙera. Ni na shiga gaba ina kiran ramuka, "Hagu! Dama!" yana zagina wai na mai da shi makaho tun bai makance ba. Bayan mun wuce garin Idon ya gaji da abin, ya taka ya wuce ni a wata gangara. Ramin a gefen dama yake, babba, ko jaki zai kauce masa. Irmiya bai gan shi ba. Na ji ƙas, na ga mutum a ƙasa, gari ya watse a kwalta.

Shi ƙujewa kawai ya yi. Keken ne ya ji jiki: ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba ya karye. Wannan ba aikin faci ba ne, sai walda.

Muna tsaye sai ga wata motar katako ta tsaya, ɗauke da buhunan gishiri. Direban, wani Bazamfare mai suna Ɗanasabe, ya leƙo.

"Bayin Allah, ina zuwa da wannan gawar?"

Na ce Kagoro.

"Kafanchan za ni, hanyata ce. Ku jefa kekunan sama. Kafin la'asar kuna can."

Na riga na ɗaga kekena. Irmiya ya riƙe sirdin.

"Sauke shi, Rabe."

"Kai, mutumina, yau ba ranar doka ba ce."

"In na hau motar nan ziyara na je. Ziyara kuwa kowace Kirsimeti ina yi."

"Ziyarar ce zan kai ka! Idonka fa, Irmiya. Idon ne ba zai jira ba."

"Duk duwatsun mutane na je musu da ƙafata, sai na gidanmu ne zan je masa a kan gishiri?"

Ɗanasabe ya yi dariya ya ce, "Malam, abokin nan naka lafiyarsa ƙalau kuwa?" Na ce, "Da sauƙi dai." Ya ƙara jira kaɗan, ya danna ham, ya ja motarsa. Ina kallonta har ta sha kwana.

Muka tura kekuna har Kachia, ni na saɓa karyayyen a kafaɗa. Mai waldar da muka samu iskar gas ɗinsa ta ƙare, wai tana hanya daga Kaduna. Yau, gobe, jibi. Muka shimfiɗa tabarma a bayan shagonsa muna cin gari da ƙuli, motocin Kafanchan suna wucewa a gabanmu. Duk wadda ta wuce sai na nuna masa da baki. Shi kuwa ya ɗiga maganinsa ya kwanta rigingine.

Ranar da gas ya zo aka yi waldar, hutunsa saura abin da zai mai da mu gida kawai. Na ce masa mu hau mota mu je, mu hau mota mu koma, ba wanda zai sani. Ya ce, "Ni zan sani." Ya shafa wurin waldar da yatsa, ya ce in damina ta wuce za mu dawo, dutse ba ya gudu. Muka juya.

Damina ta wuce, hutu bai samu ba. Da ya samu, Irmiya ba ya iya tsallaka titin Doka sai an riƙe masa hannu. Ofis suka sallame shi. Esther ta turo keken rumfata ta ce in ajiye, don in yana gida laluba shi yake yi.

Sai bayan wasu shekaru muka je Kagoro, ni da shi da Esther, a motar haya daga tasha. Ita ta matsa. Ta tsaya a gidan danginsu, ni na kama hannunsa muka hau. Ina cewa, "Ɗaga ƙafa, dutse. Sunkuya, reshe." Wannan karon bai zage ni ba. Wani tsoho da muka tarar a sama ya nuna mana kufan gidan kakansa. Duwatsu ne a jere da wani dutsen niƙa da ya lotsa a tsakiya.

Irmiya ya tsaya inda ƙofar take, ya juya fuska wajen iska.

"To, Bakatsine, gaya mini. Me kake gani?"

Na duba. Abin yana da kyau, wallahi, amma ni ba mai baki ba ne. Na ce, "Ƙasa ce, da faɗi. Ga gonaki. Ga rufin kwano."

"Shi ke nan?"

"Akwai itatuwa."

"Layin dogon fa?"

Na ƙura ido har na hango wani abu siriri yana ƙyalli. Na ce, "Ga shi can."

"Kamar zare?"

"Kamar wayar birki."

Ya yi dariya kaɗan, ya laluba dutsen niƙan ya zauna a kai. Can ya ce, "Mai gishirin nan, kafin la'asar ya ce, ko?" Na ce haka ya ce. Ya gyaɗa kai.

Da za mu sauka na ce masa, "To, ka dai hau na gida."

Ya miƙo mini hannu in ja shi. Ya ce, "Kada ka sa wannan a cikin lissafi, Rabe. A mota muka zo."

Keken yana nan rataye a rumfata. Masu kawo gyara sukan taya, in ce ba na sayarwa ba ne. Waldar nan ta Kachia ko tsagewa ba ta yi ba.