Fadar Masu Difilom

"Danne mini takardar, Rahina, hannuna na rawa."

Na durƙusa gefen tabarmarsa na danne ta da yatsu biyu. Is'haƙa maƙwabcinmu ne a Dogon Dutsi. Tare muka gama jami'a a Yamai, tare muka dawo babu aiki. Ni na hau keken ɗinkin innata, shi ya kama bik, alƙalaminsa na zane. Shekara biyu yana zana littafi guda, labarin samari huɗu masu difilom da ke yini a fadar shayi, kowa na neman abin da zai yi da rayuwarsa.

Ranar amosanin jininsa ya tashi tun safe, idanunsa sun yi ruwan ɗorawa. Sai ga wansa Mus'ab daga shago, ya tsaya bakin ƙofa.

"Kana kwance hakanga, kana zanen masu rai? Ka ji tsoron Allah, Is'haƙa."

"Yaya, ukku sun samu hanya. Har guda ya koma noman albasa Sukukutane. Saura Zakariya. In nib bar shi tasha, tafiya za shi yi."

"Mutumen takarda kaka tausai?"

Amma Zakariya ba na takarda ba ne kawai. Abokinmu ne, ya bi hanyar Agadas bara, har yau babu labarinsa. Mus'ab ya sani. Ya fita neman motar da za ta kai ƙanensa asibiti.

Kwana biyu Is'haƙa ya yi a asibiti. Ranar Alhamis da hantsi na ji kukan innarsa ta bayan katanga, ƙafata tana kan keke. Na kasa ɗauke ta.

Bayan sadakar uku Mus'ab ya yi sallama, ya ajiye leda cike da takardun zanen Is'haƙa a gabana. Ya rame.

"Sau biyu ina kyasta ashana," ya ce. "Ban iya ba. Gidanmu kuma ba su zama. Ki roƙa mishi gafara."

Da la'asar inna Kubra, mahaifiyar Zakariya, ta zo karɓar ɗinki, ta tarar ina kallon shafin ƙarshe. Ga ɗanta a tasha da jakka a kafaɗa, ya waigo, ba a gama zana ƙafafunsa ba.

Ba ta iya karatu ba. Ta goge yatsanta a zani, ta ɗora shi a kan kuncinsa. Ladan yana ta kira, ba ta ɗauke ba.