Hamsatu 'Yar Kumasi

Cikin daminar 1979 Hamsatu ta sauka a tashar Gummi, da akwatin ƙarfe guda da wata baƙar jaka ta kayan aikinta. Ungozomar asibiti ce, haihuwar zangon Kumasi a ƙasar Gana. Mijinta ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba. Kakanta bafataken goro ne da ya bar Gummi yana saurayi, bai sake komowa ba. Sunansa ta riƙe da sunan unguwarsu, da su ta yi ta tambaya har aka kai ta gidan Marka, tsohuwar da ke karɓar haihuwa a unguwar. Ashe kakan nan ƙanen mahaifin Marka ne.

Marka ta saurare ta har ta gama, ta ƙare mata kallo, sannan ta ce, "Goshin gidanmu ne wanga. Shigo, ɗiyata."

Hausar Hamsatu ta daɗe tana ba matan gidan dariya, don mace da namiji duk "ya" take ce musu. Ita kuwa abin da ya ba ta mamaki shi ne kantin Dalhatu, ɗan Marka na fari. Ranar da ta fara shiga, tsaye ta yi tana kallon gwangwanayen madara an jera har rufi, ga sukari, ga sabulu, ga shinkafar waje buhu kan buhu, babu layi, babu soja a ƙofa.

"Ko nawa mutum ya so zai saya?" ta tambaya.

Dalhatu ya yi dariya. "Yaya, in kina da kuɗi ki kwashe duka."

Ta gaya musu yadda ta baro Kumasi. Tun asuba ake bin layin sabulu, rana ta take a ce ya ƙare. Albashinta na wata ba ya kai ta mako. A asibitinsu akwai likitoci, akwai ɗakin tiyata, amma safar hannu guda sai a wanke a shanya a sake sawa har ta yage.

Kwana uku da zuwanta ta bi Saudatu, matar Dalhatu, zuwa gulbi ɗibar ruwa. Ta ga shanu na sha daga sama, mata na wanki, ana cika tulu daga ƙasa. Da suka dawo ta ƙi shan ruwan sai da ta tafasa.

"Gwaggo," ta ce wa Marka, "a zangonmu famfo na bakin ƙofa tun ina yarinya. Duk yarinya tana zuwa makaranta. Ku kuna da babur da rediyo kowane gida, amma kuna shan wannan?"

"To, mi ya fisshe ki daga garin famfon?" in ji Marka. "Ruwa kika sha kika ƙoshi?"

Daga baya su biyun suka yi dariya.

Ta nemi aiki a asibitin garin, aka ce takardar shaidarta ta wata ƙasa ce, sai an aika da ita Legas an duba. Ta ƙi rabuwa da takardar, don ita ce kaɗai abin da ta mallaka. Sai ta koma bin Marka gida-gida. Da farko ba su jitu ba. Marka da tsohuwar reza take yanke cibiya, ta shafa toka. Hamsatu sai ta tafasa almakashi da zare, ta wanke hannu har gwiwa, ta kara wani ɗan kakakin ƙarfe a cikin mace ta saurari bugun zuciyar jariri. Matan unguwa suka ce iyayi ne na 'yan boko. Amma akwai ciwon nan da ke sandare jariri ya kasa kama nono, ya mutu kafin suna. Shi ya ɗauki ɗan farin Saudatu. Cikin jariran da Hamsatu ta yanke wa cibiya ba a ga wanda ya kamu ba. Kafin shekara biyu har daga ƙauyukan Bukkuyum ake zuwa ɗaukarta a babur. Ita ta karɓi haihuwar Saudatu ta biyu, yarinya, aka sa mata Hure, ta rayu.

Ba ta taɓa yanka wa kowa farashi ba. Wani ya kawo gero, wani kaza, matan rugga su kawo man shanu. Ta yi ƙiba, ta sayi keken ɗinki, duk wanda zai tafi Gana ta ba shi sabulu da madara ya kai wa ƙanwarta da ta baro a Kumasi.

Daga 1982 abubuwa suka fara canzawa. Aka ce man fetur ya faɗi a kasuwar duniya. Sabon ginin asibiti da aka fara a bakin gari ya tsaya iyakar taga, awaki suka maishe shi makwanci. Malaman makaranta suka yi watanni ba albashi. Kantin Dalhatu ya fara nuna katako. Sai kuma a watan Janairu na 1983 rediyo ya ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu, masu sana'ar ilimi an ƙara musu zuwa ƙarshen Fabrairu.

"Ba da ke ake ba," in ji Marka. "Kabarin kakanninki na nan bayan gari."

Amma aka kwashe telolin Gana biyu da ke bakin kasuwa, da magina, da mai gyaran agogo. Ran nan da hantsi wani jami'i ya yi sallama a ƙofar gida da takarda a hannu, sunan Hamsatu na ciki. Ba a san wanda ya kai sunan ba. Dalhatu ya raka ta ofis, ya kai mai unguwa ya yi shaida. Marka da kanta ta yafa mayafi ta je, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ranka ya daɗe, ɗiyata ta," ta ce wa jami'in. "Kakanta da ubana nono guda sunka sha. In ƙarya nike, Allah ya gani."

Jami'in bai yi musu tsawa ba. Ya juya takardar shaidar Hamsatu, ya nuna da biro. "Inna, ban ƙaryata ki ba. Amma nan an rubuta Kumasi. Ni ma umarni aka ba ni. Ko dai ta tafi da ƙafarta kafin ƙarshen wata, ko a zo da mota."

Dalhatu ya ce ta ɓuya a rugga wajen Bukkuyum har ƙura ta lafa, Fulanin can ba za su taɓa bayar da ita ba. Ta yi kwana biyu tana tunani. Amma an ce duk wanda ya ɓoye baƙo za a rufe masa sana'a, ita kuwa ba za ta ja wa gidan da ya karɓe ta masifa ba.

Abin da ya fi damunta shi ne Saudatu, wadda ke da ciki wata bakwai. Ana gobe za ta tafi, ta kwantar da ita a tabarma, ta daɗe tana latsa cikin. Sannan ta kira Dalhatu da Marka tare.

"Ku saurare ni da kyau. Ɗan nan a gicciye yake. Zai iya juyawa, zai iya ƙin juyawa. In wata tara ya kama, kada ku jira naƙuda. Ku kai ta Gusau ta zauna kusa da asibitin da ake tiyata. Gwaggo, wannan ba aikin hannu ba ne, ko ni ba zan iya ba."

"Mun ji," in ji Dalhatu.

"Ka yi mini alkawari."

"Na yi, Yaya."

Ta bar wa Marka almakashinta da zare, ta bar wa Saudatu keken ɗinkin, don an ce a kan iyaka ƙwace kaya ake yi. Saudatu ta raka ta har zaure. Hure ce kaɗai ta yi ta ɗaga hannu, tana tsammanin unguwa za a.

Dalhatu bai manta alkawarin ba. Ya yi magana da wani abokinsa a Gusau ya samar musu ɗaki, ya sa rana. Amma naƙuda ta riga ranar da mako uku. Da safe ta fara. Marka ta taɓa cikin, ta ce mai yiwuwa ya juya, a ɗan dakata, ta sha ganin irin haka. Aka ba Saudatu rubutu, ta daure ba ta ko yi nishi da ƙarfi ba. Wajen azahar sai hannun jariri ya fito.

Suka kai ta asibitin garin. Ma'aikacin da suka tarar ya ce likitan da ke nan baƙo ne, kwantiraginsa ya ƙare ya tafi, ba a turo wani ba. Ya ce su wuce Gusau maza. Dalhatu na da a-kori-kura, amma kwana goma ke nan ba fetur a gidan mai. Ya zaga gari a guje, ya samu galan biyu wajen 'yan bumburutu. Aka shimfiɗa katifa a bayan mota, Marka ta tallafe kan Saudatu a cinyarta, ta kare ta daga rana da zane.

Hanyar an yi mata kwalta lokacin da kuɗi ke akwai, yanzu duk ta farfashe. Kowane rami sai Saudatu ta damƙe hannun Marka. Da suka wuce mararrabar Bukkuyum ta daina damƙewa. Ta ce, "Inna, ƙishirwa." Marka ta ɗiga mata ruwa a baki. Suna hango rufin kwanon Anka motar ta fara shaƙewa, ashe fetur ɗin an gauraya shi da kananzir. Dalhatu ya fito ya buɗe gaban mota. Bai kai ga taɓa komai ba ya ji muryar uwarsa daga baya.

"Dalhatu. Bari wahal da kanka. Zo ka yi mata addu'a."

A Anka aka yi mata sutura, don ba yadda za a komo da ita a wannan zafi. Mutanen da ba su san ta ba suka sallace ta bayan la'asar.

Sai da kaka wasiƙar Hamsatu ta iso, ta yi wata biyu a hanya. Dalhatu ya zauna bakin ƙofar ɗakin Marka ya karanta mata a hankali.

Ta ce sun yi kwana goma sha ɗaya kafin su isa, kwana huɗu a kwance kan iyaka cikin dubban mutane, ta karɓi haihuwa biyu a gefen titi. Ta ce ta tarar da Gana ba ruwan sama, gobarar daji ta cinye gonakin koko da na rogo. Mutane na bin layin dokunu, tuwon masarar can, tun ba a dafa shi ba, su saye shi ɗanye su kai gida. Ƙanwarta ta rame har ba ta gane ta ba a tasha. An maida ta aiki ranar da ta nuna takardarta, ba wanda ya tambaye ta komai. Likitoci na nan, ɗakin tiyata na nan, amma sai dangin mara lafiya sun nemo zaren ɗinki da maganin barci da kansu, wuta kuma rana ɗaya a kawo, rana ɗaya a ɗauke. Ta ce tana cin abinci sau ɗaya a yini, amma kada su damu, ba ita kaɗai ba ce. A ƙarshe ta rubuta: "Na san yanzu Saudatu ta gama wanka. Me aka samu? Ku gaya mini yadda aka yi a Gusau."

Dalhatu ya ninke takardar.

"Ka rubuta mata," in ji Marka. "Ka ce ni na ce a dakata."

"Inna, kwana ne ya ƙare."

"Na sani. Ka rubuta hakanan."

Ya rubuta yadda ta ce, ya ƙara da batun likita da fetur, don kada laifin ya tsaya kan tsohuwa ita kaɗai. Marka ta auna gero rabin buhu daga rumbunta, ta haɗa da daddawa da kuka, aka ba wani direban babbar mota da ya ce yana da ɗan'uwa mai shiga Kumasi.

Amsa ba ta zo ba. Da shekara ta kewayo aka rufe iyakokin ƙasa gaba ɗaya. Dalhatu ya sake rubutawa sau biyu ta gidan waya. Direban da ya dawo ya rantse ya miƙa saƙon hannu da hannu ga ɗan'uwansa a Legas, daga nan kuma bai san inda gero ya kwana ba.