Jita Mai Ƙaramar Murya

Tun da Sufeto ya yi ritaya daga ofishin awo da ma'auni, Maman 'Yanbiyu ba ta sake ɗinka riga cikin kwanciyar hankali ba. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin kasuwanni yana kama sikelin da ke ƙarya, yanzu ba shi da kasuwa sai gidansa, ba shi da ɗan kasuwa sai matarsa. Ya ɗauki tef ɗinta na awo ya gwada shi da rular ƙarfe, ya sanar da ita cewa tsufa ya sa tef ɗin ya miƙe, wato duk matan da take wa ɗinki sun fi yadda suke zato ƙiba. Bai tashi faɗin haka ba sai da wata mai kawo ɗinki take tsaye, hannuwanta a sama, ana auna mata ƙugu.

Da gyare-gyaren ne kaɗai da da sauƙi. Surutun ne ya fi ƙarfinta. Da safe yakan jawo kujera ya dasa kusa da keken ɗinki, a ɗan ɗakin da ke kallon titi, ya buɗe baki, ba zai rufe ba sai an zuba abinci. Labarin da ya fi so shi ne na wani mahauci da ya liƙa maganaɗisu a ƙarƙashin farantin sikeli, da yadda shi Sufeto ya gano shi. Maman 'Yanbiyu ta san inda zai yi tari a labarin, ta san inda zai tsaya ya jira a yi mamaki. Tun tana amsawa da "ikon Allah" har ta koma ƙara taka keke da ƙarfi, shi kuma ya ƙara ɗaga murya don taimaka mata ta ji.

Abu ɗaya ne ba ta taɓa kuka da shi ba. Keke ya cinye mata kafaɗar dama, kullum da yamma Sufeto ne ke zama bayanta ya shafa mata man zafi, yana danna daidai wurin da babban yatsansa. Ko a lokacin ma da mahaucin ake yi. Ta ɗauki wannan a matsayin kuɗin magani, tana biya da kunne.

Cikin labaransa akwai wani gajere, cewa ba don aikin gwamnati ba da makaɗin jita ya zama, don wani abokin zamansa na samartaka ya taɓa nuna masa yadda ake riƙe ta. Ranar da matar nan ta ƙugu ta aiko a karɓar mata yadinta ba a ɗinka ba, Maman 'Yanbiyu ta tuna da wannan labari. Ta ɗauki jaka, ta ce masa za ta sayo zare.

Shagon kayan kiɗa yana bayan tashar mota, jitoci na rataye a bango kamar an shanya wanki. Mai shagon mutum ne mai fara'a, wanda bakinsa ma ba ya hutawa, abin da ya kamata ta lura da shi amma ba ta lura ba. Da ya ji kyauta ce za a yi wa maigida, sai ya sauko da wata ƙatuwa mai faɗin ƙirji, ya karta tsirkiyoyinta gaba ɗaya da ɗan roba. Har gilashin ƙofa sai da ya amsa. Maman 'Yanbiyu ta ɗaga hannu ta tambaye shi ko akwai wadda ake kaɗawa maƙwabta ba su sani ba.

Ya ce akwai, amma wannan wani salon kiɗa ne daban, na yatsu. Ba a karta tsirkiya, tsinkarta ake ɗaya-ɗaya, babban yatsa yana kula da masu kauri, sauran uku suna bin sirara, irin yadda ake raka tsofaffin waƙoƙi masu sanyi. Ya gwada mata, sautin ya fito a hankali kamar ɗigar ruwa a bokiti. Ta tambayi tsawon lokacin koyo, ya ce shekaru, wasu ma har su tsufa ba su gama ba. Ta tambaya ko mai koyo yana iya magana yana kiɗa. Ya yi dariya ya ce ko gaisuwa ba ya iya amsawa, in ya buɗe baki yatsun sun rikice. Nan take ta ajiye jakarta a kan teburin shagon, ta ce to a zo a yi ciniki.

Ya fara nuna mata mai araha, ya kuma gaya mata gaskiya: tsirkiyarta ta yi nisa da wuya, sai an danna da ƙarfi, yatsu za su yi ciwo, mai koyo zai jefar da ita cikin mako. Ta hango Sufeto ya dawo kujerarsa da sabon labarin yadda aka cuce su, ta ce a mayar. Ya sauko da mai tsada, ya fara ba ta tarihin itacen da aka yi ta da shi da dajin da aka saro shi. Ta hango Sufeto yana maimaita wannan tarihi ga duk wadda ta kawo ɗinki, ta ce ita ma a mayar, a nemo mata ta tsakiya, wadda ba za ta ba mutum haushi ba, ba kuma za ta ba shi abin faɗa ba.

Ta tsakiyar ƙarama ce, mai tsukakken ƙugu, fuskarta katako ne ɗan asali, ba falle-fallen da aka manna da gam ba. Wuyanta yana da faɗi yadda yatsu masu kauri za su sami wurin zama, tsirkiyoyin sun kwanta kusa da shi. Maman 'Yanbiyu ta bi gefenta da ɗan yatsa yadda take bin kalmasar riga, ba ta ji inda ya tashi ba. Ta sa ya kaɗa, ta fita waje ta ja ƙofa ta saurara, ba ta ji komai ba sai motoci. Ta dawo ta ce ita ce.

Mai shago ya rantse cewa mutanen da suka daɗe suna kiɗa ma ba sa zaɓe haka, ya ce Mama tana da kunne. Yabo ya ratsa ta, bakinta ya suɓuce.

"Ni ba kiɗa na zo saye ba, ɗana. Abin da zai rufe wa maigidana baki nake nema."

Suka yi dariya tare, ya ƙara mata jakar sakawa kyauta.

Da Sufeto ya zuge jakar ya ga abin da ke ciki, sai ya yi shiru, shirun da ba ta ji irinsa ba tun ranar da aka ce masa 'yanbiyu aka haifa. Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce ashe duk surutun nan da yake yi tana saurara, shi bai sani ba. Wani abu ya ɗan soke ta a ƙirji, amma akwai riga a kan keke, ta koma ta ƙarasa.

Da farko maganin bai kama ba. Ya auna tazarar tsirkiya da rularsa, ya yi mata bayanin sakamakon, ya zauna kusa da keke yana koyo yana ba da rahoton kowane yatsa. Sai wata rana siririyar tsirkiya ta tsinke, ya saɓa jitar ya tafi shagon a sauya masa. Da ya dawo bai ce komai ba. Ya ɗauki kujerarsa daga gefen keke ya kai ta ɗakin baya, inda 'yanbiyu suke kwana kafin kowa ya kama gabansa, ya tura ƙofa. Maman 'Yanbiyu ta ce a ranta, yau dai magani ya fara aiki.

Ya kuwa yi aiki. Ta gama ɗinkin da ya taru, masu kawo yadi suka dawo, har da matar nan ta ƙugu. Sufeto ya tara farata a hannun dama don tsinkar tsirkiya, yana goge su yana lallaɓa su, na hagu kuma ya yanke su ƙwal, kan yatsun suka yi kanta. Da yamma ta farko da ta juya masa baya ta miƙo kwalbar man zafi, ya nuna mata faratan, ya ce yana tsoron ya karce ta. Ya buɗe mata murfin da hannun hagu, ya ajiye kusa da ita. Ta shafa da kanta, hannunta bai kai wurin ba.

Ba ta san lokacin da shirun ya fara yi mata nauyi ba. Ta dai lura ƙarar keken ta ƙaru, alhali ta zuba masa mai. Ta kama kanta tana ɗauke ƙafa daga kan feda tana kasa kunne, amma ina, ai ita ta zaɓi jitar, ta kuma zaɓa da kyau, ko ɗis ba ya ƙetare ƙofa. Sai ta fara ɗana masa tarko. Ta fito da tsohon tef ɗin tana awo a gabansa, ya wuce. Ta hargitsa zaren da ya jera mata, bai gani ba. Ta dawo daga kasuwa ta dire nama a kan tebur, ta ce ita fa ba ta yarda da sikelin mahaucin nan ba, ta tsaya tana jira. Sufeto ya ce Allah ya kyauta, ya ɗauki shayinsa ya shige.

'Yanbiyu kuwa in sun bugo waya sai sun taya ta murna. Baba ya natsu, in ji su, Mama ta yi dabara. Ta rasa wanda za ta kai wa ƙara, don ba a taɓa jin wadda ta yi kukan an bar ta ta huta ba. Gaskiyar magana kewar mijinta take ji, mutumin da ke bayan ƙofa ɗaya, kuma kunya ta hana ta faɗa.

Wata la'asar kafaɗar ta matsa mata har ta kasa ɗaga almakashi. Ta ɗauki kwalbar man zafi, ta haɗa da abin yanke farce, ta tura ƙofar ɗakin baya ba tare da ta ƙwanƙwasa ba. Yana zaune kusa da taga, ya sunkuya kan jitar. Abin haushi, ya iya. Babban yatsan yana tafiya a natse, sauran suna yi masa ado, waƙar tana fita a hankali ba tuntuɓe. Ta tsaya har ya kai ƙarshe, sannan ta nuna masa abin da ke hannunta, ta ce kiɗan nan ya isa haka, ya kawo hannu ta rage masa faratan, kafaɗarta za ta kashe ta, gidan kuma ya zama kamar ba kowa.

Ya dube ta ba fushi a fuskarsa.

"Ai na ɗauka tana yin aikin da kika sayo ta ta yi."

Ta tambaye shi wane aiki. Ya gaya mata a taƙaice, shi da bai taɓa taƙaita komai ba. Ranar da ya kai gyaran tsirkiya, mai shago ya gane jitar, ya yi murna da ganinsa, ya maimaita masa maganarta kalma da kalma, a gaban masu sayayya, don yabon hikimar Mama. Kowa ya yi dariya, shi ma ya taya su.

"Na auna ta ko'ina, Maman 'Yanbiyu, ban sami inda ta gaza ba," ya ce. "Kin iya zaɓe."

Ban haƙuri ya zo mata har baki, ta ga ya yi ƙanƙanta. Sai ta zauna a bakin gadon 'yanbiyu, ta ajiye kwalbar da abin yanke farcen a gefe, ta roƙe shi ya ba ta labarin mahaucin nan. Ya ce ai ta fi shi saninsa, ya mayar da kansa kan tsirkiya, yatsun suka ci gaba.

Ta yi gyaran murya ta fara da kanta. Ta ce wata ranar kasuwa ce ana yayyafi, wani matashin sufeto ya shiga layin mahauta da akwatinsa na duwatsun awo. Ta yi tari inda yakan yi tari. Ta tsaya inda yakan tsaya, ba wanda ya yi mamaki, ta wuce. Da ta zo kan maganaɗisun, ta saci kallonsa, ta ce mahaucin ya ɗora shi a saman faranti, kusa da naman.

Babban yatsan ya kuskure tsirkiya. Ya gyara, ya sake kuskurewa.

"Ƙarƙashi," Sufeto ya ce, bai ɗago ba. "Wa zai sa shi a sama kowa na gani?"

Abin da ta samu ke nan a ranar, kuma ta karɓa hannu biyu. Ta jawo kujera kusa da gwiwarsa, kafaɗar tana zogi, ta ci gaba da labarin a hankali, tana laluben wuri na gaba da za ta ɓata.