Hannun Kafinta

Hukumar lafiya ta rufe rijiyoyin burtsatsen da ke unguwar bayan tsohuwar masana'antar katako ranar Litinin, ta shafa wa kowane famfo jan fenti. A makon ne kuma likitoci suka yanke shawarar guntule hannun daman wani tsohon kafinta na unguwar. Kafintan shi ne mahaifin matar da bincikenta ya sa aka rufe rijiyoyin.

Dakta ake kiranta. Aikinta bin sawun cuta, ta gano inda ta faro da waɗanda take kamawa. Ta yi shekaru tana bi gida-gida tana cewa mutane su buɗe mata tafin hannu. Gubar da masana'antar ke jiƙa katako da ita don kada gara ta ci shi ita ce ta tsiyaye cikin ƙasa ta shiga ruwan sha. Wanda ya daɗe yana sha, tafinsa kan yi ƙuraje masu tauri kamar kantar hannun manomi. A jikin wasu sai ƙurjin ya fashe ya zama gyambon da ba ya jin magani, wato sankarar fata.

Ƙa'idar aikin ta hana mai bincike sa danginsa cikin waɗanda yake ƙirgawa. Don haka in ta zo layinsu sai ta tsallake ƙofar gidansu ta shiga ta maƙwabta. Gida sai ƙarshen mako, a gaisa a yi hira. Ta sha ganin tsumma ɗaure a hannun tsohon. Ya ce ƙusa ce ta soke shi. Tun tasowarta ba ta taɓa ganin hannun nan babu ciwo ba, sai ta yarda.

Da safiyar Alhamis ta shiga ɗakin asibitin da aka kwantar da shi. Yana zaune a bakin gado, ƙanwarsa tana fifita masa shayi. Sunan mahaifiyarsa aka sa wa Dakta, shi ya sa bai taɓa kiran sunanta ba.

"Uwata, an ce jiya har a rediyo an ji ki," in ji shi. "Kin rufe mana ruwa, yanzu kuma kin aiko a rage mini hannu. Me na tsare miki?"

"Baba, ba wasa na zo yi ba."

"Ni ma ba shi nake yi ba. Akwai ƙofar mutane a shago, ban sa mata fatar ƙarfen da za ta riƙe ta ba."

Gwaggo ta dire kofin. "Ai 'yar nan taka inuwar giginya ce, Yaya, na nesa ka sha ta. Hannun wa ba ta duba ba a unguwar nan? Har na mai wankin mota."

"Ke dai ba ki rasa abin faɗa. Ni na ɓoye mata. Da ta gani da tuni ta hana ni riƙe zarto."

Dakta ta matso kusa da gadon. Ta jawo kujera, ta kwance bandejin a hankali, ta ɗora hannun a cinyarta. Gyambon ya cinye gindin babban yatsa ya gangara wuyan hannu, gefensa ya tashi ya yi tauri. Ta ga irinsa a hannun mutane da yawa, ta san wanda aka kama da wuri da wanda aka makara. Wannan ya fi shekara biyu.

"In aka cire yanzu, za ka iya warkewa," ta ce.

"In warke in yi me? In zauna a ƙofar gida ina korar kaji da hagu?"

"Ka zauna dai."

Ya dube ta, ya kau da kai wajen taga. "Bari in yi tunani, Uwata."

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce za a kai shi hoto, a canza masa riga. Dakta ta ce ita za ta yi. Ta ɗaga masa hannu don ta zare rigar, sai yatsunta suka ci karo da wani ƙullutu a hammatarsa, mai tauri, ba ya motsi. Ta sake dannawa. Ta san in sankarar ce ta kai nan, guntule hannu kaɗai ba zai isa ba.

"Da zafi?"

"Ko kaɗan. Kaluluwa ce, ta kwana biyu a nan."

Ta sa masa rigar asibitin, ta ɗaure igiyar bayan, ta fita baranda. Wayarta tana ta ruri, 'yan jarida ne ke son jin yadda take ji da wannan nasara. Ta kashe ta, ta je neman likitan fiɗa.

An tsaga ƙullutun da yamma an ɗebi kaɗan an tura ɗakin gwaji. Har yanzu kafintan bai amince a taɓa hannunsa ba, sakamakon gwajin kuma bai fito ba.