Mai Gyaran Agogo Ya Je Dubiya

Motar ta tsaya a mahaɗar hanya tana jiran fitila, sai Malam ya ji muryarsa tana fitowa daga kujerar baya. Ba muryarsa ta yanzu ba, wadda 'yan kasuwa ke zama su saurara kowace safiya bayan sallar asuba. Wata siririyar murya ce ta hanci, wadda ya binne shekara ashirin da shida da suka wuce.

"Agogonka bai mutu ba, ranka ya daɗe. Hutawa yake yi."

Mutane uku suka fashe da dariya. Wani magidanci ne ya ɗaga wayarsa, na kusa da shi suka sunkuyo suna kallo. An samu wani ya tono tsofaffin faya-fayan wasan barkwancin da ake nunawa a talabijin duk ranar Alhamis, ya watsa su, ga shi har sun iso cikin motar haya.

"Nemo mana na kusoshin nan," in ji wata dattijuwa mai kwando a cinya. "Wanda ya gama ɗaure agogo, aka ga saura kusa uku a kan tebur."

"Ya ce kamfani ne ya yi almubazzaranci!" in ji direba, yana dukan sitiyari.

"Ni Dogo nake so," dattijuwar ta ci gaba. "Bawan Allah, kullum zai shigo da fushi kamar zai rushe shago, kullum zai fita yana godiya. Mijina, Allah ya jiƙansa, ko baƙi ya yi sai sun jira an gama. Shi kuwa Mai Agogon ko yana raye?"

"An ce ya zama malami."

"Kai, haba! Wannan ɗan banzan?"

Malam ya gyara tabarau, ya ƙara jan rawani, ya dubi titi ta taga. Farin gemu ya rufa masa asiri, ya gode wa Allah a kan haka. Amma a ƙarƙashin gemun leɓɓansa suna motsi, suna riga wayar faɗin abin da ke tafe, har sai da ya cije su.

Da hantsin nan ne 'yar Dogo ta kira shi. Ta gaishe shi da ladabi, sannan ta ce da ƙarfe biyu za a shiga da mahaifinta aikin zuciya, kuma likitoci ba su ɓoye musu cewa aikin mai nauyi ba ne. "Bai ce in kira ka ba, Malam," ta ce. "Ni ce na ga ya kamata ka sani."

Shekara tara suka yi tare a gaban kyamara, shi yana mai gyaran agogon da bai taɓa gyara komai ba, Dogo yana mai kawo gyara. Da Allah ya buɗe masa ƙofar karatu sai ya bar wasan, kuma babu wanda ya zarge shi. Dogo da kansa ya ɗauki akwatin littattafansa ya raka shi tasha. Ɓarnar ta zo ne daga baya, ranar da aka yi hira da shi a rediyo, aka tambaye shi labarin wasan. Yana cikin zafin sabon sani, sai ya ce shekarun ɓata ne, kuma yana roƙon Allah ya shiryi waɗanda ya baro a ciki. Dogo ya ji wannan magana yana zaune a tsakar gida tare da 'ya'yansa. Dogon nan ne kuwa mutumin da yake tsayar da ɗaukar hoto idan lokacin salla ya yi, ko da darekta zai yi ta huci, kuma shi ne yake jan Malam da hannu zuwa wurin alwala. Tun daga ranar ba su sake haɗa ido ba.

Sau da yawa Malam ya karantar da babin haramcin gaba tsakanin 'yan'uwa, ya yi bayani har mutane su yi ta jinjina kai. Duk ranar da ya karantar da shi ba ya iya cin abincin rana. Yau babu sauran gobe da zai jingina da ita. In aka tura gadon nan bai nemi gafara ba, mai yiwuwa sai a gaban Ubangiji za su yi maganar.

Ya sauka a ƙofar asibiti ƙarfe ɗaya da rabi. A kan matakala yana ta maimaita jawabin da ya tsara: yabo ga Allah, ambaton haƙƙin abota, amsa laifi, neman yafiya. Jawabi ne mai kyau, babu kalmar da ta zauna ba a wurinta ba.

Ɗakin mai gado shida ne, da fanka ɗaya mai ƙara da warin magani. 'Yar Dogo ta tare shi a bakin ƙofa, mace mai kamun kai, da idon wadda ta kwana biyu ba ta runtsa ba. Kafin ta yi magana sai ma'aikacin jinyar ɗakin ya ajiye farantin allura, ya zo ya rusuna.

"Allah ya gafarta Malam! Kai ne da kanka?"

Ɗaya daga cikin ɗalibansa ne, mai zama a sahun gaba, wanda ko tari Malam ya yi sai ya kusa rubutawa. Ya yi sauri ya kawo kujera, ya goge ta da hannun riga, ya sanar da sauran majinyata cewa babban malami ne ya shigo, kowa ya gyara. Ɗakin ya yi tsit. Wani mai karaya a ƙafa ya kashe rediyonsa.

"Saura minti goma sha biyar mu tafi da shi," ma'aikacin jinyar ya raɗa wa Malam.

Dogo yana gadon ƙarshe, kusa da taga. Tsawon nan yana nan, har ƙafafunsa sun tokare ƙarfen gado, amma sauran jikin ya zube. An sa masa rigar asibiti, an ɗaura masa ruwa a hannun hagu. Ya dubi mai shigowa sau ɗaya, sannan ya juya fuska bango.

Malam ya yi sallama. Dogo ya amsa, domin amsa sallama wajibi ne, amma bangon ya amsa wa. Malam ya zauna, ya gyara murya, ya fara jawabinsa. Ya yi yabo ga Allah, ya shiga haƙƙin abota. Muryarsa ta cika ɗakin kamar yadda take cika zauren karatu, ma'aikacin jinya yana tsaye yana cewa na'am a hankali.

"Ke," in ji Dogo, bai juyo ba. "Wane ne ya aiko mana da mai wa'azi? Ce masa an riga an yi mini na yau."

"Baba, don Allah."

"Ni ban san shi ba. Wanda na sani ba haka yake magana ba."

Malam ya bar jawabin a nan. Ya dubi ƙeyar abokinsa, wadda furfura ta cinye. Ya dubi agogon bango: saura minti goma. A kan ƙaramin teburin gefen gado akwai abubuwan da aka cire wa majinyaci saboda aiki: tabarau, zobe, carbi, da wani tsohon agogon hannu mai igiyar fata.

Ya daɗe yana kallon agogon. Ya san ɗalibinsa na tsaye a bayansa, ya kuma san duk abin da ya faru a ɗakin nan zai riga shi isa zauren karatu gobe da safe. Shekara ashirin da shida ya yi yana gina wannan kwarjini. Ya yi bismillah a zuci, ya miƙa hannu.

Ya ɗauki agogon ya kara a kunne. Ya girgiza shi. Ya sauke tabarau zuwa ƙarshen hanci, ya rufe ido ɗaya, ya ƙwanƙwasa gilashin da farce sau uku. Sannan siririyar muryar nan ta hanci ta fito, ta ɗan yi tsatsa amma ita ce.

"Wa ya ajiye mini wannan a kan tebur bai yi sallama ba?"

Babu wanda ya motsa. Fanka kaɗai ke ƙara. Kafaɗar Dogo ta ɗan girgiza, kamar mai kokawa da tari. Malam ya sake ƙwanƙwasa gilashin, ya jira. A shekara tara na wasan, ba a taɓa jefa wa Dogo magana ya ƙi amsawa ba.

"Ni ne," in ji Dogo, fuskarsa na bango, da wata murya mai kauri. Sai Dogo ya juyo a hankali, ya haɗe gira. "Ni ne! Agogon nan da na kawo maka jiya, lafiyarsa ƙalau, gilashi kawai na ce ka sauya. Yau na tashi na tarar baya yake tafiya!"

"Baya?"

"Baya! Na fita aiki ƙarfe takwas, na isa ƙarfe bakwai!"

"To, an taɓa yi maka faɗan makara yau?"

"A'a, amma..."

"Ka gani! Mutane na tsufa a garin nan, kai kaɗai kake komawa yaro. Dubi fuskarka! Jiya da ka shigo nan akwai furfura a sajenka."

Dogo ya shafa sajensa da hannun da babu ruwa, ya buɗe ido kamar mai mamaki, daidai yadda yake yi a da. Mai karaya ne ya fara fashewa. Ya nuna Malam da yatsa, bakinsa a buɗe.

"Wallahi shi ne! Mai Agogo ne! Jama'a, Mai Agogo da Dogo ne a ɗakinmu!"

Ɗaki ya kaure. Wata mai jinyar mijinta ta rufe baki da mayafi tana rawar kafaɗa. Wani tsoho da aka yi wa aikin ciki ya dafe ɗinkinsa yana roƙon a yi masa rai a dakata. 'Yar Dogo ta jingina da bango, tana dariya hawaye na zuba. Ma'aikacin jinya ya tsaya kamar an dasa shi, yana duban malaminsa da tabarau a kan hanci, bai san ko halal ne ya yi dariya ba. Daga baya ta ƙwace masa, ya juya baya yana tari.

"Amma in ya ci gaba da tafiya baya," in ji Dogo, numfashinsa na sarƙewa, "ina zan tsaya?"

"In ka ga ka fara rarrafe, ka aiko a kawo shi in juya."

"To... to, na gode. Allah ya saka da alheri."

Nan wasan yake ƙarewa. Majinyata suka yi tafi, kowa da irin hannun da ya rage masa. Dogo ya mayar da kai kan matashi, yana haki, 'yarsa ta goge masa goshi.

"Ka tsallake wurin da za ka ciji igiyar," ya ce.

"Haƙoran ne babu."

"Da ma can kai ne mai mantuwa. Ni nake rufa maka asiri."

Malam ya ajiye agogon, ya mayar da tabarau mazauninsu. Ya matso da kujera har gwiwarsa ta taɓa gado, ya kama hannun abokinsa. Ya nemi jawabin nan a ransa, ya tarar babu ko kalma ɗaya da ta rage.

"Dogo, na zalunce ka," ya ce da muryarsa ta gaskiya, ƙasa ƙasa. "A gaban 'ya'yanka. Kai ka fi ni, kuma na san haka tun a ranar. Ka yafe mini."

Dogo ya karkato kai wajensa.

"Ka san abin da ya fi ƙona mini rai? Bayan tafiyarka sai suka kawo wani wai shi ne sabon Mai Agogo. Mutumin nan da gaske ya iya gyara. Wata uku aka rufe wasan." Ya matse hannun Malam da ɗan ƙarfin da yake da shi. "Na yafe, duniya da lahira. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Yanzu yi mini addu'a, amma gajeriya, kuma ba da muryar hancin nan ba."

Malam ya sunkuya kusa da kunnensa ya roƙi Mai kowa Mai komai, Mai warkarwa, da kalmomi kaɗan. Ɗakin duka ya ce amin.

Masu tura gado suka shigo. Malam ya riƙe ƙarfen gefe ya bi su ta doguwar baranda, babbar rigarsa tana jan ƙasa, 'yar Dogo tana ɗaya gefen. A gaban wata ƙofa mai ganye biyu wata ma'aikaciya mai takarda a hannu ta ɗaga musu hannu su tsaya. Ta nuna benci ɗaya da ke jikin bango.

"Iyali kawai ke jira a nan. Baba, kai fa? Me kake a wurinsa?"

Kafin Malam ya buɗe baki, Dogo ya ɗaga kai daga matashi.

"Ƙanena ne," ya ce. "Ba shi da wayo sosai, amma ƙanena ne. Ki bar shi."

Ma'aikaciyar ta rubuta. Ƙofar ta buɗe, ta rufe. Malam ya tattara rigarsa, ya zauna a kan bencin, ya matsa gefe ya bar wa 'yar Dogo wuri.