In Jirgin Ya Daina Jin Mai Shi

"A'a, tsaya, kar ki haɗa min zance biyu. Na taya shi aikin jirgin, ban musa ba. Amma cewa ni na hana shi tafiya, wannan ke kika dafa abinki, ke za ki ci."

Inna Falmata ce ke magana, tana zaune a kan kujerar tsugunno tana tsince wake, fuskarta na kallon katanga. Abokiyar faɗan tana can bayan katangar, a gidan maƙwabta, murya kawai ke haurowa. Tun ranar da aka ɗauki gawar Cyprian aka yi kudu da ita matar take jifa da magana, wai tsoho ya mutu yana wasan yara, wai da wata tsohuwa ba ta biye masa ba da ya cika a garinsu a gaban dangi.

Gidan haya ne a bakin Fagge, inda ta haɗe da Sabon Gari. Ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya da ya manta aikinsa. Ƙofar Falmata na kallon ta Cyprian. Shi a Kanon aka haife shi, Hausar bakinsa ta fi ta wasu 'yan cikin ganuwa, kuma ya yi gyaran rediyo da talabijin a kasuwar Sabon Gari har ido ya fara ƙi. Matarsa ta rasu, 'ya'ya suka watse. Sai ya zamana daga shi sai jirgin.

Jirgin kuwa ba irin na roba da ake saya wa yara da sallah ba ne. In aka ɗaura masa fikafikai, babban mutum zai kwanta a kansu ƙafarsa ba ta leƙo ba. Kore ne irin na soja, an zana masa baki da haƙora a hanci, wai kwaikwayon wani jirgin yaƙi ne na zamanin da. Injinsa fetur yake sha kamar ɗan janareto. Falmata ta daɗe tana leƙensa ta gefen labule tana yi kamar shara take dubawa, har ran da Cyprian ya ce ba tare da ya ɗago ba:

"Hajiya, in kallo za ki yi, kawo kujerarki. Labulen nan ya gaji."

Hajiya yake ce mata don tsokana, ya san ba ta taɓa taka jirgi ba. Ta jawo kujerar ta zauna.

"Wa zai shiga ciki?"

"Ba kowa."

"To wa zai tuƙa?"

Ya ɗaga wani akwati baƙi mai sanduna biyu kamar yatsu. Rimot ne. Ya ce daga nan yake yi wa jirgin magana, a cikin jirgin kuma akwai risiba, ita ce kunnensa. Ya buɗe cikin ya nuna mata wasu ƙananan injina kamar kwalin ashana, kowane da igiyar ƙarfe da ta tafi fiffike ko wutsiya. Ya faɗi sunansu da Turanci, ita kuma kunnenta ya jiye mata saɓo.

"Saɓo? Guda nawa ne a cikinsa?"

"Takwas."

"Takwas kacal? Ai ya fi mutanen gidan nan tsarki."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Tarin nan ne Falmata ta fara lura da shi, sai kuma ƙafafun da suka kumbura har silifas ya daina shiga.

Abin da ya ɗaure mata kai shi ne jirgin ya gama haɗuwa, ga fenti ga taya, amma mutumin kullum yana ciki da ƙarfen dalma. Ya nuna mata dalili. Ya kunna, ya motsa sanda ɗaya, wutsiya ta kaɗa lafiya. Ya motsa duka a tare, sai jirgin ya hau karkarwa, 'yar fitilar risiba ta lumshe, komai ya tsaya cak.

"Ya suma," in ji Falmata.

"Suma ce kuwa. Wutar ba ta isar su in duk suka ja tare."

"Kamar layinmu, in kowa ya jona abin guga."

Ya ce haka ne. A ƙasa abin dariya ne, a sama kuwa sumar ƙiftawar ido ta isa ta kayar da shi. Ya cire siraran wayoyi ya sa masu kauri. Ya ba fulogin injin nasa batirin shi kaɗai, kunne da saɓon kuma ya ba su biyu, kowane da makunninsa, in ɗaya ya gaza ɗaya ya riƙe. Falmata ce ke riƙe masa bakin waya yana ɗiga dalma, tana yi tana mitar hayaƙin yana shiga mata hanci. Amma ko sau ɗaya ba ta tashi ba.

Daga nan aka zo kan fikafikai. A bayan kowane fiffike akwai wani ɗan leɓe da ke ɗagawa yana sauka, shi ke karkata jirgi. In aka jona shi a juye, ka ce dama ya yi hagu. Cyprian ba ya ganin motsin daga inda yake zaune, sai ya ce ta tsaya ta gaya masa.

Ta je gaban jirgin ta tsaya, hanci da hanci.

"Wanne ya ɗaga?"

"Na dama."

"Daman wa?"

"Dama nawa gare ni? Wadda nake cin tuwo da ita."

"Hajiya, kina kallonsa yana kallonki. Damarki hagunsa ce."

Ta tsaya ta dubi hannunta, ta dubi jirgin. Sai ta ja tsaki.

"Shi ya sa ku ba ku iya kwatance ba. Dama da hagu ai bin mutum suke, ka juya su juya. Juya min hancinsa gabas."

Aka juya shi ya kalli gabas kamar mai shirin sallah. Daga ranar ba a ƙara maganar dama da hagu ba. Ya tura sanda, ta ce na kudu ya ɗaga. Ya dawo da ita, ta ce na arewa. Ko tana bakin murhu, ko tana alwala, amsar ba ta canjawa. Ranar da ya sa tayoyin suka naɗe suka shige ciki kamar kaza ta kwanta, sai da ta sa ya maimaita har wake ya kama a tukunya.

Ta taɓa tambayarsa yaushe zai tashi.

"A nan? Ga filin jirgi a bayanmu, ga sojoji. Kafin ya sauka ni an sauke ni a wani wurin."

Ya ce akwai abokinsa Lateef, suna da wani fili can hanyar Dambatta inda masu irin wannan abin ke haɗuwa. Shi zai ɗauka. Bai ce zai je ya gani ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Sai Munachi ta zo, 'yarsa ta fari, wadda Falmata ta goya tana jaririya. Ta ga ƙafafun uban, ta shiga ɗaki ta yi kukanta, ta fito da ido jawur ta ce gida za su tafi, can kudu garin iyayensa. Likita ya riga ya ce zuciyar ta gaji, kuma ba za ta bari ya mutu a ɗakin haya ba. Ta kama musu kujera a babbar mota. Ya ce sai wani satin. Wani satin ya zo ya ce saura abu ɗaya.

"Mama, ki yi masa magana," ta ce wa Falmata. "Ke yake ji."

"Ni? Ubanki ko uwarki bai ji ba, kuma ta fi ni murya."

Duk da haka ta je ta same shi.

"Baban Munachi, abin nan yana amsa gabas yana amsa yamma. Me kuma ya rage? Yarinya tana ta ramewa."

Ya daɗe yana jan numfashi kafin ya ce, "Yana amsawa in yana ji na. In ya daina ji na fa?"

Wannan ba ta taɓa zo mata a rai ba. Ta gyara zama.

"To me yake yi?"

"Abin da na faɗa masa na ƙarshe. In na ce gudu, sai ya yi ta gudu. Ɗaga shi ki ji nauyinsa. Wannan ya faɗa kan mutum a gona, ai sai gawa. Dole a koya masa abin da zai yi in ya ji shiru. Ba zan bar wa Lateef shi haka ba."

"Da ana koya wa 'ya'yan mutane wannan, da an huta," in ji Falmata. Ta koma ta ce wa Munachi ta haɗa kaya, gobe za a gama.

Washegari da hantsi aka fito da Cyprian a kujerar roba, aka jingina shi a inuwar katanga. Da yamma motar za ta tashi, jakunkuna na bakin ƙofa. Aka ɗaure wutsiyar jirgin da igiyar shanya a jikin ginshiƙi, Munachi ta ƙara riƙewa da hannu biyu, fuska a murtuke. A jikin risiba akwai wani ɗan maɓalli kamar ƙwayar gero. Shi ba ya ganinsa, Falmata ce ta zaro tsinken tsifa daga kanta ta danna, shi kuma ya riƙe sanduna yadda yake so jirgin ya tuna: mai a ƙasa, fikafikai a kwance.

Ya tayar da injin daga rimot. Ƙara ta cika gidan, kaji suka haura katanga, zannuwan da ke kan igiya suka miƙe, mata suka leƙo daga ɗakuna. Ya ƙara mai har ƙasa na rawa. Sannan ya kashe rimot ɗin.

Injin bai ko sassauta ba. Jirgin ya ci gaba da ihu yana fizgar igiya, Munachi na ja tana kiran "Papa! Papa!" Yatsunsa suka yi ta laluben makunni suna kuskurewa, da ƙyar ya kunna ya sauke man. Gumi ya jiƙe masa riga, leɓensa ya yi fari.

"Ya isa haka!" in ji Munachi. "Papa, don Allah ya isa."

Bai kula ta ba. "Hajiya, da kika danna, fitilar ta yi ƙyaf-ƙyaf ko ta tsaya?"

"Ta yi ƙyaf-ƙyaf, na saki."

"Sai ta tsaya ake saki."

"To ka faɗa? Ni boka ce?"

Ta sake durƙusawa, gwiwa na ƙara, ta danna ta riƙe. Fitilar ta yi ta ƙifta ido, ta yi ta ƙiftawa, can ta tsaya kore shar. Munachi ta dubi uban, ta dubi jakunkuna, ta goge fuska da kafaɗa ta koma ta kama wutsiyar ba wanda ya ce mata.

Ya sake tayarwa. Ya ƙara mai, ya karkata sanda har leɓen kudu ya miƙe tsaye. Ya kashe rimot.

Ƙarar ta faɗo kamar an sauke tukunya daga wuta. Injin ya koma ƙus-ƙus, farfela na juyawa a hankali har ana iya ganinta. Zannuwan kan igiya suka sauko.

"Wanne ya ɗaga?" ya tambaya.

"Babu. Kudu ya kwanta, arewa ya kwanta."

"Wutsiya fa?"

"Tana tsakiya kamar an auna."

Ya gyaɗa kai. Ya sa Munachi ta kashe makunnan da ke jikin jirgin ɗaya bayan ɗaya, yana faɗa mata wanda za ta fara da shi, injin ya yi shiru. Sannan ya ce ta je ta kira adaidaita, ya shirya.

Ta fita da sauri kafin ya canja magana. Falmata ta zauna a gefensa tana mayar da tsinken kanta. Tana da sauran tambaya, don tun jiya abin ke cinta: in jirgin ya yi shiru a sama haka, a ina zai sauka, wa zai zaɓar masa wurin? Ta tambaya. Ta ƙara tambaya, ta ce kar ya yi mata wulaƙanci don aiki ya ƙare. Da ta juyo, kansa ya ɗan karkata jikin katanga, rimot na kan cinyarsa, manyan yatsunsa biyu suna kan sanduna.

Ta yi salati a hankali. Ta shafa masa ido, ta cire mayafinta ta rufa masa daga fuska zuwa gwiwa, har da rimot ɗin. Tsakar gidan na warin fetur. Daga waje ana jin Munachi tana cewa mai adaidaita ya matso bakin ƙofa sosai, mara lafiya ne, ba ya iya tafiya mai nisa.

Wannan shi ne abin da matar bayan katanga take kira wasan yara. Ranar ma ta sake ɗauko shi, ta yi ta yi, ta kawo dangi ta kawo garinsu ta kawo abin da mutane za su ce. Falmata ta bar ta sai da numfashinta ya ƙare. Ta zubar da tsakuwar da ta tsince, ta ɗaga hanci sama ta shaƙa, sannan ta ce:

"Na ji, wasa ne. Amma shi sai da ya sauke nasa kafin a kira shi. Ke je ki duba tukunyarki, tun ɗazu take ƙauri."